Darasi na 6: Dillali da Cinikin Gida

Dillali da la'ada yake ci, kuma la'adar yawanci kaso ce daga kuɗin gidan. In kuɗin ya hau, rabonsa ya hau. In ciniki ya watse, ya tashi a tutar babu. Saboda haka tun kafin ku je ganin gida ka tambaye shi: wa yake wa aiki, wa zai biya la'ada, kuma nawa ce? A rubuta amsar. Ka kuma bincika ko shi ke magana da mai gida kai tsaye. Wani gidan dillalai uku ne a kansa, kowa ya ɗora nasa.

Samun kan dillali ba wuya. Ka zo a kan lokaci, ka faɗa masa ɗaki nawa kake so da irin wurin da ya dace da kai, gidan da bai yi maka ba ka ce bai yi ba tare da dalili. Dillalin da ya ga da gaske kake, kai zai fara kira in gida mai kyau ya fito. Amma komai sabo, kada ka faɗa masa iyakar kuɗinka, kada ya ga zumuɗinka. Abin da ya ji, mai gida ya ji.

Kai ne za ka yawaita tambaya. Tun yaushe aka sa gidan a kasuwa? Me ya sa ake sayarwa? An taɓa tayawa aka fasa? Gidan da ya daɗe ba mai saye, ko wanda mai shi ke sauri, ya fi karɓar ragi.

Kafin tayi, nemi kuɗin da aka sayar da gidaje biyu ko uku irinsa a kusa. Kuɗin da aka biya muke nufi, ba wanda aka sa ba. Sannan ka kai magini ya duba tsagewar bango, yoyon rufi, danshi, wayar lantarki da magudanar ruwa, ya rubuta kuɗin gyara. Da wannan takarda za ka taya, don tayin da ba hujja raini yake jawowa. In aka ce albarka, ƙara kaɗan, kuma kowane ƙari ya gaza na baya. A ce an sa 100, ka taya 80, sai 86, sai 89, sai 90. Mai gida zai gane ka kusa ƙurewa. In ya kafe, nemi ya yi gyaran da kansa ko ya yarda da biya kashi biyu. In aka ce wani na zuwa da kuɗi gobe, kada ka firgita. Tsohuwar dabara ce, ko da yake wani lokacin gaskiya ne.

Sallamawa ba ita ce ƙarshe ba. Lauyanka, ba na mai gida ba, ya duba takardar mallaka a ofishin filaye: sunan wa ke ciki, an jinginar da gidan, akwai shari'a a kansa? In na gado ne, duk magada ko wakilinsu na doka su sa hannu. Kafin alƙalami kuwa sai da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, mai cewa za a mayar da kuɗin in takardu suka sami matsala. Biya ta banki, cikin asusun mai gida, ba na dillali ba.

Aikin yi: an sa gida 200, magini ya ce gyara zai ci 20. Rubuta tayinka na farko da hujjoji biyu.