Yadda Ake Magance Sako-sakon Ƙota a Tsohuwar Bindigar Soja

Duk wanda ya daɗe yana tara tsofaffin bindigogin soja ya san ranar da zai ɗauko ɗaya daga ma'ajiya ya ji ƙarfen yana ɗan motsi a cikin ƙota, wato katakon bindigar, ko ya ga zoben da ke riƙe da bututu ya zame ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Abin da hannu ke fara nema a lokacin shi ne sukundireba, kuma daga nan ne yawancin ɓarna ke somawa, domin ƙara ɗaure sukuru ba ya mayar wa katako abin da ya rasa, sai dai ya ƙara murƙushe shi.

Katako ba ya daina mu'amala da iska ko da ya shekara 100 da sarewa. Idan laimar ɗaki ta kai kashi 80 cikin 100, danshin cikinsa yakan tsaya wajen kashi 16, idan ta sauko zuwa 50 ya koma wajen 9, idan kuma ta faɗi zuwa 30 ya rage kusan 6. Duk sauyin nan yana zuwa da kumburi ko motsewa, kuma a faɗi da kauri ake ganinsu, don a tsawo katako kusan ba ya motsi. Baƙin walnat na Amurka, wanda aka yi ƙotocin Springfield M1903 da M1 Garand da shi, yana motsewa da kashi 7.8 cikin 100 ta fuskar da ta fi motsi, daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, shi kuwa itacen bic yana kaiwa kusan 12. Ƙotocin Karabiner 98k na Jamus da aka yi da falle-fallen bic haɗe da gam sun fi na gungume guda jure wannan sauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ya fi bushewa kanta illa, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan katako ya sha laima ya so kumbura alhali ƙarfe ya matse shi ta kowace fuska, zaruruwansa ne ke murƙushewa, kuma ba sa komawa yadda suke. Da iska ta bushe sai ya ja baya ya bar gurbin da ya fi na da. Shekara da shekaru ana wannan kai da komo, gurbin yana ƙaruwa. Saboda haka jiƙa ƙota da ruwa ko turara ta don ta kumbura dabara ce ta kwana kaɗan, bayanta sako-sakon ya dawo ya fi na farko, ga kuma tsatsa a ƙasan bututu.

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi a ciki, a zare sakata a ajiye gefe. Daga nan aikin farko na iska ne. A sa ma'aunin laima a inda ake ajiyar bindigar, a nemi daidaita ɗakin tsakanin kashi 45 zuwa 55, wanda shi ne abin da gidajen adana kayan tarihi suka saba bi ga kayan da suka haɗa ƙarfe da katako. Masu zuba magungunan tsotse danshi a akwatin ƙarfe don tsoron tsatsa sukan wuce gona da iri, su busar da katakon fiye da kima. A bar bindigar makonni da dama, wani lokaci watanni, kafin a yanke hukunci, domin ƙota mai kauri ba ta sauyawa da sauri, kuma sau da yawa ƙaramin motsi yakan ɓace da kansa.

Idan bai ɓace ba, sai a kwance a duba, da sukundireban da bakinsa ya cika ramin sukurun daidai. A nan dole in ja kunnen masu Lee-Enfield SMLE No. 1 Mk III, wadda Birtaniya ta karɓa a 1907: kada a juya dogon sukurun da ke riƙe gindin bindigar sai an fara cire katakon gaba, saboda ƙarshen sukurun mai kusurwa huɗu yana zaune ne cikin wani farantin ƙarfe a bayan katakon gaban, kuma juya shi haka nan yana tsaga katakon. An yi asarar ƙotoci masu kyau da yawa ta wannan hanya.

Abin da ake nema shi ne inda ƙarfe ke taɓa katako da inda ya daina taɓawa. A shafa baƙin hayaƙin kyandir ko jan-baki kaɗan a ƙarfen, a mayar da shi, a ɗaura sannu, a sake cirewa, tabon da ya bari zai nuna gaskiya. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne kafaɗar da ke karɓar naushin baya idan an yi harbi. A Mauser (irin su Karabiner 98k) da Mosin-Nagant ta Rasha wani ƙaho ne a ƙarƙashin uwar ƙarfen, wato gidan da sakata ke zama, wanda ke jingina da sandar ƙarfen da ta ratsa ƙota, a Lee-Enfield kuwa wasu ƙananan kafaɗu biyu ne na katako a bayan katakon gaba. Idan wannan wuri ya lotsa, naushin sai ya koma kan wutsiyar ƙarfen, wato ƙarshen uwar ƙarfen ta baya, ita kuma ta zama weji ta tsaga wuyan ƙota. Don haka dole kafaɗar ta taɓa sosai, bayan wutsiyar kuma a sami ɗan sarari kamar kaurin takarda.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne siririn ciko wanda za a iya zarewa gobe ba tare da ya bar tabo ba: fallen katako irin na ƙotar, ko siririn farantin tagulla, a yanka daidai wurin, a ƙara ɗaya bayan ɗaya har motsin ya tsaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin bindigogin. Maƙeran sojan Finlan sun riƙa sa siraran ƙarfe a ƙarƙashin uwar ƙarfen Mosin-Nagant ɗinsu, masana'antar Lithgow ta Ostareliya kuma ta sa farantan jan ƙarfe a kafaɗun ƙotocin Lee-Enfield da itacensu bai da taurin walnat. Wanda ya tarar da irin waɗannan a bindigarsa ya lura da mazaunin kowanne ya mayar da shi, domin suna cikin asalinta. Idan sai an manna cikon, gam ɗin fata ya fi, tunda ɗumi da danshi suna sake shi. Zuba ifoksi kuwa, wato gam na zamani mai daskarewa da tauri, yana tsayar da motsi ƙwarai, amma ba ya fita, kuma yana rage darajar bindiga a idon masu tarawa. Samfefa ma haka, tana cin hatiman da masu duba makamai suka buga a katako, ta kuma ƙara rage naman da dama ya yi kaɗan.

M1 Garand, wadda sojan Amurka ya karɓa a 1936, tana da nata hali. Gadin kunama, wato ƙarfen da ke kewaye da kunamar, shi ne ke matse ƙarfe da katako wuri guda, kuma a bindiga mai lafiya sai an danna shi da ƙarfi kafin ya kulle. Idan yana rufuwa ba turjiya, katakon ya lotsa, sai a sa ciko a inda gidan kunama ke zama. Masu tarawa da yawa suna barin gadin a buɗe yayin doguwar ajiya don kada matsin ya ci gaba da cin katakon.

Batun mai yana buƙatar gaskiya. Man linsid, wanda sojojin Birtaniya da Amurka suka yi amfani da shi, yana rage saurin shiga da fitar danshi, amma ba ya mayar da katakon da ya motse. A shafa shi kaɗan da tafin hannu, a goge rarar, a bar shi ya bushe sarai kafin a ƙara, kuma kada a sa shi a kan jan shelak, wato shafen ƙyalli irin na ƙotar Mosin-Nagant. Tsumman da aka goge da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan an dunƙule shi, saboda haka a shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi cikin ruwa. Man ƙarfe kuwa abokin gābar katako ne, domin idan bindiga ta daɗe tsaye baki sama yakan gangaro ya jiƙa wuyan ƙota har wurin ya yi baƙi ya yi taushi. A kwantar da ita ko a juya bakin ƙasa, nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki. Idan kuma an ga tsaga a bayan wutsiya ko kusa da kafaɗar naushi, kada a yi harbi da ita ko sau ɗaya sai maƙerin da ya san tsofaffin bindigogi ya duba ta.