Kurakuran da aka fi yi wajen kiwon kyanwar Farisa

Tun wajen saye ake fara kuskure. Da yawa suna ɗauka wadda fuskarta ta fi shafewa ita ce ta asali. Kyanwoyi masu dogon gashi da aka kai Turai daga Farisa, wato Iran ta yau, a ƙarni na 17, hancinsu a fili yake kamar na kowace mage. Shafaffiyar fuskar nan masu kiwo ne suka samar da ita a ƙarni na 20 ta hanyar zaɓen waɗanda za a haɗa barbara, kuma ita ke jawo minshari, zubar hawaye da haƙoran da suka hau juna. Zaɓi wadda ƙofofin hancinta suke a buɗe, take numfashi ba ƙara. Ka kuma tambaya ko an gwada iyayenta, domin akwai ciwon ƙoda na gado da ya yawaita a wannan jinsi.

Sai gashi, inda aka fi sakaci. Shafa baya da burushi ba taza ba ce, sama kawai yake gyarawa, ƙasa na cukurkuɗewa. Mataji na ƙarfe ake so, kullum, haƙoransa su kai har fata. Fara da bayan kunnuwa, hamata, ciki da ƙarƙashin wutsiya. Idan gashi ya riga ya dunƙule, kar a sa almakashi, fatar tana shiga cikin ƙullin a yanke ta. Kar kuma a yi mata wanka kafin a warware shi, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Wanda ya manne da fata, likitan dabbobi ya aske da inji.

Idanu a goge kowace safiya da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, kowane ido da tasa audugar.

Wanda ya saye ta don ɓeraye ya yi asarar kuɗinsa. Kyanwa ce mai sanyin hali, ba ta son hayaniya ko yara su riƙa jagwalgwala ta, kuma zafin bazara irin namu yana wahalar da ita ƙwarai saboda kaurin gashi da gajeren hanci. Ɗaki mai iska da ruwan sha a koyaushe take bukata. In ta fara haki baki buɗe, a garzaya asibiti.

Madarar shanu kan sa ta gudawa. Farasitamol kuwa, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin.