Darasi na Tara: Wa Ke Biyan Haraji, Wa Ke Cin Moriyarsa?

Dattawan da suka girma kafin 1979 sun san haraji ido da ido. Dagaci da mai unguwa ne ke bi gida-gida, kowane baligi ya biya kuɗin kansa, makiyayi kuma ya biya jangali a kan shanunsa. A shekarar 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Tun daga nan mutane da yawa suka ɗauka talaka ya rabu da haraji. Bai rabu ba. Harajin ya daina sallama a ƙofar gida, ya koma cikin farashin kaya.

Masu binciken tattalin arziki tambayoyi biyu suke yi wa kowane tsarin gwamnati: daga aljihun wa kuɗin ya fito, kuma hannun wa ya isa? A wannan darasi za mu koyi yadda suke amsa su. Ku tanadi biro da takarda, don akwai lissafi.

Harajin da ke ɓoye cikin farashi

Ana kiransa harajin VAT. An fara karɓarsa a Najeriya a 1994, kashi 5 cikin ɗari. Daga 1 ga Fabrairu 2020 ya koma kashi 7.5. Wato kayan da kuɗinsu yake naira 10,000, za ka biya 10,750. Idan farashin ya riga ya haɗa da harajin, a cikin kowace naira 1,075 da ka miƙa, naira 75 ta gwamnati ce. Doka ta ɗauke shi daga kan abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafan karatu. Amma katin waya da sabulu da siminti da atamfa duk suna ɗauke da shi.

Ga lissafin da masu bincike ke yi. A ce leburan gini yana samun naira 60,000 a wata, yana kashe 20,000 a kan kayan da ake ɗora wa VAT, ban da harajin. Harajinsa 1,500, wato kashi 2.5 cikin ɗari na abin da ya samu. A ce kuma ɗan kasuwa yana samun miliyan ɗaya, yana kashe 200,000 a kan irin waɗannan kaya, shi ma ban da harajin. Harajinsa 15,000. Kuɗin ya ninka na lebura sau goma, amma kashi 1.5 ne kawai na samunsa. Nauyin ya fi danne leburan, domin shi duk abin da ya samu kashewa yake yi, ɗan kasuwa kuwa yana ajiye rara. Saboda haka ba a auna nauyin haraji da yawan nairori. Ana raba harajin da abin da mutum ke samu, sannan a gwada.

Akwai wata dabara kuma. Wanda ya miƙa kuɗi aka ba shi rasit, ba lallai ne shi ya biya ba. Direban da ya ɗauko buhunan hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa Legas yana biyan kuɗi a shingaye da yawa a hanya. Direba zai ƙara wa mai kaya kuɗin mota, mai kaya kuma ko dai ya ƙara wa mai saye a Legas, ko ya rage wa manomi farashi a ƙauye. Wa zai ɗauki nauyin? Wanda ba shi da wurin gudu. Mai gero yana iya mayar da buhunsa rumbu ya jira farashi ya gyaru. Mai tumatir ba ya iya jira, kwana biyu ya ruɓe, dole ya sayar yadda aka taya. Shi ya sa harajin hanya ya fi cin manomin kayan gwari, ko da bai taɓa ganin rasit ɗin ba.

Harajin albashi

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta tsara shi hawa-hawa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari. Haka yake ta hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya kuma ana sauke masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa haraji, amma abin da za a sauke ɗin ba zai wuce naira 500,000 ba.

Mu gwada. Ma'aikacin da, bayan an cire kuɗin fansho, yake da naira 1,800,000 a shekara, yana biyan haya 300,000. Kashi 20 na haya shi ne 60,000. A cire, saura 1,740,000. A cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 940,000. Kashi 15 na wannan shi ne 141,000 a shekara, wato 11,750 a wata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa wanda ya haura 800,000 za a yi wa dukan albashinsa haraji. Abin da ya ɗare sama ne kaɗai ake taɓawa. Kada kowa ya ƙi ƙarin albashi don tsoron haraji.

Hanyar kuɗi daga Abuja zuwa ƙauye

Kowane wata ana zama a raba abin da ya taru a asusun tarayya. Bayan an ware wa jihohi masu arzikin mai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

A nan ne ya kamata mai karatu ya rarrabe abu uku: abin da aka rubuta a kasafin kuɗi, abin da aka saki, da abin da ya iso. Sau da yawa ba su zama ɗaya. A ƙasar Yuganda masu bincike biyu, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun yi nazarin kuɗin da gwamnati ke ware wa makarantun firamare na sayen alli da littattafai da gyara. Hanyar mai sauƙi ce: a duba takardun ma'aikata, sannan a je makaranta a duba littafin hedimasta. Aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa makarantu. Sauran yana maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Yawancin iyaye ba su ma san akwai kuɗin ba. Sai gwamnati ta fara buga adadin abin da ta tura a jaridu, aka kuma umarci makarantu su riƙa liƙa shi a allo. Zuwa 2001, abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Masana suna gardama kan ko jaridun ne kaɗai suka kawo wannan sauyi, domin an yi wasu gyare-gyare a lokaci guda, amma an lura makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙari.

Tallafi: mai ko tsabar kuɗi?

A shekarar 2022 tallafin man fetur ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire shi. Binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa kashi 20 na masu hali suna kwasar moriyar tallafin mai ninki shida na abin da kashi 20 na matalauta ke samu. Dalili a fili yake: mai motoci uku da janareta ya fi mai keke shan mai. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗan abin da talaka ke samu ta arhar kuɗin mota da na niƙa yana da girma a cikin ƙaramin aljihunsa. Idan aka cire ba a maye gurbinsa da wuri ba, shi ne ke fara jin jiki.

Madadin da ake yawan kawowa shi ne ba wa magidanta kuɗi a hannu. An fara ba da naira 5,000 a wata a zamanin Shugaba Buhari, an ma yi amfani da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan. A 2023 aka sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15.

Ta yaya ake sanin irin wannan shiri yana aiki? Ba a gane shi ta kwatanta bara da bana kawai, domin damina mai kyau ko tsadar kaya na iya ruɗa lissafi. Dole a sami abin gwadawa. Ƙasar Meziko ta nuna hanya da shirinta na Progresa da ta fara a 1997. Aka ɗauki ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a: 320 suka fara karɓa, 186 suka jira zuwa gaba. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba sanayya ba, bambancin da aka gani daga baya na shirin ne. Yara sun fi zama a makaranta, musamman 'yan mata a matakin sakandare, rashin lafiyar ƙananan yara kuma ya ragu. Gwaje-gwaje irin wannan a ƙasashe da dama sun kuma ƙaryata zancen da ake yawan yi a majalisa cewa kuɗin zai sa mutane lalaci ko ya tafi a taba da giya. Akasari abinci da magani da makaranta yake tafiya.

Matsalar tana wajen zaɓe da biya. Kuskure iri biyu ne: a sa wanda bai cancanta ba, ko a bar wanda ya cancanta. Na farko ne ake surutu a kansa, na biyu kuwa ya fi cutarwa, don bazawarar da ba ta da lambar NIN ko asusun banki ba ta da inda za ta kai ƙara. Tsadar kaya ma tana cinye tallafin da ba a ƙara shi: naira 5,000 ta 2017 ba ita ce ta yau ba. Hanyar biya ita ma tana da tasiri. A jihar Tawa ta Nijar, lokacin farin 2010, an ba mata a ƙauyuka 96 sefa 22,000 a wata har wata biyar, wasu a hannu, wasu ta wayar salula. Binciken da Jenny Aker ta jagoranta ya nuna masu karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da layi, kuma gidajensu sun fi cin abinci iri-iri.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowa ya rubuta abin da ya saya a makon jiya, ya ja layi a ƙarƙashin kayan da ke ɗauke da VAT, ya fitar da harajin, ya raba shi da abin da ya samu a makon. Ku gwada wa ya fi ɗaukar nauyi a cikinku.

Kafin zama na gaba, mutum biyu su je makarantar firamare ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, su gaisa da shugaban wurin, su tambaya cikin ladabi: me aka ce za a kawo bana, me ya iso, kuma a wane wata? Ku rubuto amsar a layi uku, da kwanan wata da sunan wurin.