Yadda za ka ciyar da kifayen ado iri-iri a tanki ɗaya ba tare da sun mutu ba

Yawancin kifin da ke mutuwa a tankin gilashi ba yunwa ke kashe su ba, yawan abinci ne. Mutum ya ga sun taru a gaban gilashi suna ta buɗe baki sai tausayi ya kama shi ya ƙara zuba musu, ragowar ta nutse ta ruɓe ta zama amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ruwa ya yi duhu, da safe ka tarar da ɗaya yana yawo ciki sama. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, sau ɗaya ko biyu a rana, shi ke nan. Idan ka tsallake rana ɗaya a sati ma babu abin da zai same su.

Sai ka lura ba a waje ɗaya suke ci ba. Cikin nau'o'in kifayen ado, gofi da moli a sama suke ɗauka, su ne masu cin ɓarɓashin abincin nan da ke yawo a kan ruwa, niyon tetira a tsakiya yake kama abin da ke saukowa, koridoras da fileko kuma 'yan ƙasa ne, idan ba ka sayo musu ƙwayoyin abinci masu nutsewa ba to wallahi za su rame kana ganin kamar kowa ya ƙoshi. Ni da dare nake jefa musu nasu bayan na kashe fitila, lokacin na sama sun lafa. Fileko yana son yankan kokwamba, amma ka cire da safe kar ya lalata ruwa. Kuma maganar da ake yi wai kashin sauran kifaye yake ci ba gaskiya ba ce.

Haɗin ma akwai magana. Kada ka sa kifin beta namiji guda biyu, sai ɗaya ya illata ɗaya. Golfish ruwan sanyi yake so kuma yana da yawan kashi, su gofi da tetira kuwa digiri 24 zuwa 27 suke buƙata, don haka raba su ya fi. Tetira a sayo aƙalla 6, shi kaɗai tsoro ke cinye shi.

Duk sati ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo, ruwan famfo sai an sa masa maganin kulorin. Soson filta, wato na'urar tace ruwa, kuma da tsohon ruwan tankin za ka ɗauraye shi, domin a jikinsa ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya suke zaune, ka wanke da ruwan famfo ka kashe su.

A zafin watan Afrilu idan an ɗauke wuta za ka ga suna haki a saman ruwa, iska ce ta yi ƙaranci, ka nemi ƙaramin famfon iska mai batir kuma ka rage abinci ranar. Da hunturu kuwa sanyin dare kan jawo fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsu, su riƙa goga jiki da duwatsu. Ka ɗaga hita, wato na'urar ɗumama ruwa, a hankali zuwa wajen digiri 29 ka sa maganin cutar, amma ka yi hattara da zuba gishiri a matsayin magani idan akwai koridoras, ba ya jure shi sosai. Sabon kifi kuma ya yi sati 2 aƙalla a wani mazubi daban kafin ka haɗa shi da sauran.