Yadda ake gina furannin tangaran don adon bango da kyauta

Furen da aka gina da yumɓu aka gasa a tanderu ba ya yaushi kuma ba ya neman ban ruwa, sai dai yana da nasa raunin, domin ba a banza ake kiran tangaran faɗi-ka-mutu ba. Sana'ar ta daɗe. Tun a shekarun 1740 masana'antar Vincennes ta ƙasar Faransa, wadda ta koma Sèvres a 1756, ta yi suna wajen gina furannin tangaran da ake ɗorawa a kan karan ƙarfe, kuma a 2014 an dasa jajayen furanni na yumɓu guda 888,246 a kewayen Hasumiyar Landan domin tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Abin da zai yiwu a kan teburin gida bai kai wannan ba, amma ƙa'idar aikin ɗaya ce.

Mai koyo yakan fara da ganyen furen, domin shi ne abin da ido ke gani. A ganina wannan kuskure ne. Furen da za a rataye a bango daga bayansa ake fara shi, saboda da zarar ya shiga wuta ya fito, babu sauran damar huda shi cikin sauƙi. A fara murza ɗan faifai na yumɓu mai kaurin milimita 5 zuwa 6, a huda rami a bayansa wanda kan ƙusa zai shiga ya zauna, ko kuma a lanƙwasa waya a cusa bakinta biyu cikin faifan. Ba kowace waya ce ke jure wuta ba. Wadda ake kira nikurom, irin ta cikin hitar lantarki, ita ce ke fitowa lafiya. Ramin kuma a yi shi da ɗan faɗi fiye da yadda ake bukata, domin yumɓu yana tsukewa da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi, ta yadda furen da aka gina mai faɗin santimita 10 zai iya fitowa bai kai 9 ba.

Zaɓin yumɓu ya danganta da tanderun da za a samu. Akwai mai nuna a digiri 1,000 zuwa 1,150 na ma'aunin Celsius, akwai mai ƙarfi da ke bukatar 1,200 zuwa 1,300, sannan akwai farin yumɓun tangaran, wanda ya fi kowanne kyau a fure amma ya fi kowanne gardama a hannu. Mai farawa ya fi samun sauƙi da yumɓun da aka cuɗa da zaren takarda, domin zaren yana riƙe siraran ganye kada su tsage, kuma yana ƙonewa a wuta ya bar furen ba nauyi. Kowanne aka zaɓa, a kwaɓa shi sosai har iskar cikinsa ta fita.

Ganyen furen kuwa a tafin hannu ake yin sa. A gutsuri yumɓu kamar girman ƙwayar wake, a mulmula shi, a ɗora a tafin hagu, a danna da babban yatsan dama ana ja zuwa gefe, har bakin ya yi siriri kamar milimita 2 yayin da gindin ya rage da kauri. Kwarin tafin hannu da kansa yake ba ganyen lanƙwasa, har zanen fatar hannu yakan fito a jikinsa kamar jijiyoyin fure na gaskiya, kuma bai kamata a goge wannan zanen ba. Yana da kyau a ajiye fure mai rai a gaba ana dubawa. Wanda ya duba zai lura cewa babu ganye biyu masu kama ɗaya, wani ya karkata, wani bakinsa ya naɗe, kuma furen yumɓun da aka jera ganyensa daidai wa daida kamar haƙoran mataji yakan fito tamkar na roba.

Wurin haɗi shi ne inda yawancin furanni ke mutuwa. Ba ya isa a manna ganye a kan faifai a danna. Sai an karce fuskokin biyu da allura, an shafa musu tsinkakken yumɓu mai kaurin kunu, an haɗa, sannan an bi bakin haɗin da ɗan tsinke ana shafe shi har ya zama jiki ɗaya. Dole ne kuma danshin ganyen da na faifan su zo kusa, domin idan ɗaya ya fi ɗaya bushewa za su tsuke a lokaci daban, haɗin ya buɗe. Ana fara jerawa daga waje zuwa ciki idan furen shimfiɗaɗɗe ne, daga ciki zuwa waje idan mai naɗi ne irin wardi. Ganyen da ke neman zubewa a tokare shi da ɗan soso ko dunƙulen takarda.

Daga nan sai haƙuri. Siririn baki yana bushewa cikin sa'o'i, gindi mai kauri yana ɗaukar kwanaki, kuma wannan bambancin shi ke jawo tsagewa. Saboda haka a lulluɓe furen da leda sako-sako na kwana biyu ko uku, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, a nisanta shi da rana da fanka. Hanyar gwaji ita ce a taɓa bayansa da kumatu: idan da sanyi, akwai sauran ruwa. Ruwan da ya rage yakan zama tururi a digiri 100 ya fasa furen a cikin tanderu, wani lokaci har ya ɓata na kusa da shi. Idan za a gyara busasshen yumɓu, a yi amfani da jiƙaƙƙen soso maimakon gurzawa, domin ƙurarsa tana ɗauke da silika mai cutar da huhu.

Gashin farko ana yin sa a wajen digiri 1,000, ana ɗaga zafin sannu a hankali, musamman a kusa da 573, inda yashin cikin yumɓun ke kumbura farat ɗaya. Bayan ya huce sai a shafa launi da buroshi mai laushi, a bi da ruwan ƙyalli siriri, wato ruwan da ke narkewa a gashi na biyu ya zama kamar gilashi a jikin furen. Idan ya yi kauri yakan taru a tsakiyar furen ya cike duk zanen da aka sha wahala a kai. Bayan furen da cikin ramin ƙusa a bar su ba ƙyalli, in ba haka ba zai narke ya manne da shimfiɗar tanderu a gashi na biyu.

Wajen ratayewa, a shimfiɗa furannin a ƙasa a kan babbar takarda, a yi ta sauya musu wuri har tsarin ya kwanta a rai, a zana da'irar kowanne, sannan a manna takardar a bango a buga ƙusoshi ta cikinta. Manya biyu ko uku da ƙanana a warwatse sun fi layi madaidaici daɗin kallo. Wanda za a bayar kyauta kuwa, a cusa auduga tsakanin ganyensa, a naɗe shi shi kaɗai, a sa a ƙaramin kwali, a sa wannan a cikin wani babba da tarkacen takarda a kewaye har a girgiza ba a ji motsi ba. A haɗa da ƙusar da ta dace da raminsa da ɗan rubutu mai cewa da buroshi mai laushi ake kaɗe masa ƙura.