Yadda Ake Tsara Furanni Irin Na Japan

Ikebana, wato fasahar tsara furanni ta mutanen Japan, ta samo asali ne daga furannin da mabiya addinin Buddha suke ajiyewa a wuraren bautarsu, kuma makarantarta mafi daɗewa, Ikenobo, tana birnin Kyoto. Salon da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne moribana, wato tsara furanni a mazubi mai faɗi, wanda Unshin Ohara ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19.

Da farko a tanadi mazubi mai faɗi marar zurfi, da almakashi mai kaifi, da kenzan, wani ɗan faifan ƙarfe mai nauyi da aka jera wa ƙusoshi a tsaye. A ajiye kenzan a gefen hagu na mazubin, kada a sa shi tsakiya, sannan a zuba ruwa har ya rufe kan ƙusoshin.

Bayan haka sai awo. Makarantar Sogetsu, wadda Sofu Teshigahara ya kafa a 1927, tana aiki da rassan tsirrai uku, waɗanda ake kira shin, soe da hikae. Ana samun tsawon shin ne idan aka haɗa faɗin mazubin da tsayinsa, aka ƙara rabin jimlar. Soe kashi uku cikin huɗu na shin ne, hikae kuma kashi uku cikin huɗu na soe. Idan faɗin santimita 30 ne, tsayin 6, to shin zai kai 54, soe wajen 40, hikae wajen 30.

A yanke gindin kowane kara a cikin ruwa domin kada iska ta shiga ta hana shi sha. Reshe mai tauri a yanke shi a karkace, a danna shi tsaye a kan ƙusoshin, sai ya zauna daram tukuna a karkata shi. Reshen shin yakan karkata kaɗan, kamar digiri 15 zuwa hagu, soe digiri 45 zuwa hagu, hikae, wanda galibi fure ne, digiri 75 zuwa dama, kuma dukkansu suna ɗan rusunowa wajen mai kallo.

A ganina, aikin da ya fi muhimmanci shi ne ragewa. A tsaya a dubi reshen da kyau, a cire duk ganyen da ya ɓoye lanƙwasarsa ko ya gitta wa wani, domin filin da aka bari tsakanin rassan, har da fuskar ruwan, yana cikin abin da ake kallo. Ganye kaɗan sun isa su rufe kenzan.

Idan mazubin dogo ne, salon ya zama nageire: ba a sa kenzan, sai a gitta ’yan sanduna biyu a bakinsa su tokare rassan. Sogetsu ta yarda da kowane irin kaya, saboda haka reshen dogon yaro da busasshiyar zangarniyar gero a cikin kaskon ƙasa mai riƙe ruwa ma sun wadatar, muddin ana sabunta ruwan kullum.