Yadda ake mayar da tsohon babur na daji ya zama na tsere da kuɗi kaɗan

A gidaje da garejin makanikai da dama a Katsina akwai tsofaffin babura masu dogayen ƙafafu, irin waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga ƙauyuka da su, an jingine su jikin bango har ƙura ta rufe su. Mafi yawansu ƙirar Japan ne: Yamaha DT125 da DT175 da AG100, Suzuki TS125 da TS185, sai Honda XL. A Amurka akwai ƙungiyar AHRMA da ke shirya tsere na musamman domin irin waɗannan tsofaffi, inda rukunin asali ya ƙunshi baburan da aka ƙera zuwa 1974. Mu a nan ba mu da wannan ƙa'ida, saboda haka kowane tsoho mai lafiyayyen firam zai yi. Abin da ke kashe aikin, a ganina, shi ne a fara da fenti da sitika, kuɗi su ƙare kafin a buɗe inji.

Aikin yana farawa ne tun wajen saye. A nemi babur da yake cikakke ko da ba ya tashi, domin tankin DT na asali ko murfin gefen injinsa sun fi fistin wuyar samu nesa ba kusa ba. A duba lambar firam da ta inji, a tabbata sun yi daidai da abin da ke cikin takarda, kuma a yi cinikin gaban shaidu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jiharmu, inda a 2021 gwamnati ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi saboda matsalar tsaro. Babur marar takarda, komai arharsa, a bar shi inda aka gan shi. Bayan haka a tsaya daga baya a hangi tayoyin biyu ko suna kan layi ɗaya, a leƙa wuyan firam da wurin da inji ke zama ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda. Sai a taka kik a hankali. Idan ƙafa ta ji turjiya, inji yana da sauran ƙarfi, idan kuwa ya sauka salalam, a san cewa akwai aikin silinda, a rage kuɗin.

Ga mai ƙaramin ƙarfi na fi son injin tusturok, wato wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, a kan na Honda XL, domin ba shi da bawul ko sarƙar tayimin, kuma da sifana kaɗan ake kwance kansa. DT175 ya fi daɗi a rairayi, tunda faɗin silindarsa milimita 66 ne, na DT125 kuma 56, alhali nisan tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ne, milimita 50.

Idan an kawo shi gida, a ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance, a zuba notuna a gwangwanaye daban-daban, a rubuta sunan wurinsu. Kuɗin farko na inji ne. A cire kai da silinda, a shafa farce a cikin silindar. Duk layin da ya riƙe farce yana nufin sai an kai ta wurin masu bora, wato masu faɗaɗa cikin silinda da inji. Fistin na ƙari, wato wanda ya ɗan fi na asali faɗi, yana zuwa ne mataki-mataki, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00 na milimita, kuma dabara ita ce a sayi fistin tukuna a kai shi tare da silindar, mai bora ya yanka daidai da shi, ya ɗauki mafi ƙanƙantar matakin da zai share layin, domin a bar wa gaba abin yanka. A roƙe shi ya goge kaifin bakin ramukan da ke jikin silindar, in ba haka ba sabon rin, wato zoben fistin, zai riƙa kama su har ya karye. Sannan a kama konrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da kiranshaf (sandar da ke juyawa a ƙasan inji), a ja shi sama a tura ƙasa: motsi gefe da gefe kaɗan ba laifi ba ne, amma ko ɗan motsi sama da ƙasa yana nufin boris ɗin ƙasa ya tafi.

Akwai roba biyu masu arha da mutane ke tsallakewa, su ne oyil-sil na gefen kiranshaf, kuma a babur da ya yi shekaru a ajiye cikin zafin Katsina babu shakka sun bushe. Idan na ɓangaren magneto ya lalace, inji yana zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, ya riƙa ɗaga murya da kansa, ya yi zafi, fistin ya liƙe ana tsakiyar gudu. Idan na ɓangaren kulos ne, inji yana shan man giya, hayaƙi ya yi fari ya yi kauri, fulogi ya riƙa jiƙewa. A canza su duka biyun ko da sun yi kama da masu lafiya.

Batun famfon baƙin mai yana buƙatar natsuwa. Masu tsere kan cire na Yamaha, wanda ake kira Autolube, su toshe ramin da mai ke shiga, su koma haɗa mai da fetur da hannu a kan kashi 1 cikin 32, wato milimita 125 na man tusturok a cikin lita 4 na fetur. Hakan yana yiwuwa domin famfon Yamaha a hanyar shigar iska yake zuba mai. Na Suzuki TS daban yake, tunda yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf, don haka wanda ya cire shi ba tare da gyara ba zai ƙona boris. A Suzuki a bar famfon, a wanke shi, a canza bututansa. Wanda ya koma haɗawa da hannu kuma ya tuna cewa man ya ci wurin fetur a cikin jet, wato ɗan ramin kafireta da fetur ke bi, saboda haka ya ƙara girman babban jet da mataki ɗaya, kuma kada ya kuskura ya zuba baƙin man mota.

Kafireta a kwance ta gaba ɗaya, a busa kowane rami da iska, ba a zura waya a jet. Matatar iska kuwa ita ce ran injin a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana da laushi kamar gari, kuma yini ɗaya na gudu babu matata ya isa ya cinye sabon rin. A bar akwatin iska na asali, a sa soso, a jiƙa shi da mai a matse, a shafa giris a bakinsa inda yake haɗuwa da akwatin, a wanke shi bayan kowace fita. Masu cire akwatin domin ƙara ruri suna sayen ƙara ne da kuɗin silinda.

Daga nan sai ƙafafu. A canza boris na tayoyi da na wuya, a zubar da tsohon man shokozoba na gaba a sa sabo daidai ma'auni a kowace ƙafa, a sa sabbin takalman birki da wayoyinsu. A bubbuga wayoyin taya da sifana ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara ras tana da ɗauri, wadda ta yi shiru a ƙara mata. DT yana ɗaukar taya inci 21 a gaba da 18 a baya, kuma idan kuɗi bai kai na biyu ba, a fara da mai ƙusoshi ta gaba, domin ita ce ke zamewa a kwana. Iska fam 12 zuwa 15 ta isa a rairayi, muddin an sa maƙalin da ke hana taya juyawa a kan rim ta yage bakin tib. Sarƙa da haƙoranta biyu tare ake canza su. Rage haƙori ɗaya a na gaba kusan daidai yake da ƙara uku a na baya, kuma ya fi arha, yana kuma ba babur saurin tashi daga kwana. Abin da ba a samu a Katsina ba a neme shi a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, a tafi da tsohon a hannu domin gwadawa.

Rage nauyi kyauta ne: fitilu, madubai, kariyar ɗora kaya, matakin fasinja da mita duk a cire, a adana su a kwali, kada a yanke komai a jikin firam. A sa maɓallin kashe inji kusa da babban yatsa. Fenti na gwangwani da farantin lamba na roba sun wadatar, sauran kuɗin a sayi hular kwano mai rufe haɓa, da takalmi mai tsawo da safar hannu. Babur da aka cire wa fitila ba na titi ba ne. A ɗauke shi a mota zuwa fili, bayan an nemi izinin mai filin da mai unguwa an kuma sanar da jami'an tsaro.

Sabon fistin ana tayar da shi ne ya yi ɗumi, a kashe ya huce, sau biyu ko uku, sannan a ƙarar da tankin farko ba tare da an murɗe totur duka ba. Bayan haka a yi gudu sosai a miƙe, a kashe inji nan take, a cire fulogi a duba. Launin shayi da madara shi ake nema. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa, fari kuma ya yi kaɗan, wanda shi ne mai haɗari. A maimaita wannan gwaji idan hunturu ya shigo, domin iskar sanyin safiya ta fi ta bazara nauyi, kuma jet ɗin da ya yi daidai a Afrilu kan yi wa inji kaɗan a Janairu.